Shuɗiyar Wuta

Shekara talatin ina walda a Suwame,
bayan shagon Opoku mai tsofaffin injuna.
Ban yi boko ba, amma wuta na karance ta.
Ja cika ido ce, ba ta cin ƙarfe.
Rawaya sai hayaƙi, sai baƙanta gindin tukunya.
In ka murɗa bakin tocin, iska ta shiga daidai,
harshen ya tsuke, ya yi shuɗi,
ya rage surutu kamar mai fushin gaske,
to ja da baya.

Daren Laraba aka ɗauke wuta a Aboabo.
Janaretocin masu hali suka fara tari.
Muka hau bene ni da Barira,
wadda ta zo hutu daga jami'a
da wani littafi da ya fi bulo nauyi.
Ta ce, Baba, bi yatsana.
Wuce hasumiyar masallaci,
wuce tankin ruwan gidan Gado,
ga ta can, fara da ratsin shuɗi.

Na ce, wannan ƙwayar geron?

Ta ce, ranar da ke gasa mana ƙeya a Kejetiya,
zafin fatarta digiri dubu biyar ne da ɗoriya.
Waccan ta ninka shi uku, ba ta ko yi gumi ba.
A sikeli kuwa, sai ka jera rana goma sha biyar
kafin allura ta tsaya tsakiya.
Haske? Rana dubu goma su yi gayya,
su zo da ƙannensu, ba su kamo ta ba.
Nisa ne ya mai da giwa kiyashi.

Na ce, nisan ya kai Makka sau nawa?
Ta yi dariya har ta riƙe ciki.
Ta ce, hasken da ya faɗo idonka yanzun nan
ya baro gida tun kakan kakanka Tanko
bai ɗaura wa jaki mangala ba,
bai san hanyar Gwanja ba, bai ga goro a ganye ba.
Babu abin da ya fi haske gudu,
kuma bai yada zango ko sau ɗaya ba.
Sai yau ya iso.

Na yi shiru. Sauro bai yi ba.

Ta ce, amma ba ta da tsawon kwana.
Tamu ranar tsohuwa ce mai tattalin gawayi,
ɗaya-ɗaya take sawa.
Waccan ta buɗe rumbu ta cinna masa wuta.
Miliyoyin shekaru kaɗan, shi ke nan.
A cikinta akwai maƙera:
tana haɗa mara nauyi ya zama mai nauyi,
mai nauyi ya zama wanda ya fi shi,
hawa-hawa,
har ran da za ta ƙera ƙarfe.
Ƙarfe ba ya ba ta wuta, karɓa yake.
Ranar sai cikinta ya rufta,
ta tarwatse, ta watsa kayan shagonta ko'ina.

Na ce, ƙarfe?
Ta ce, ƙarfe. Har irin na hannunka.
Har wanda ke jininka.
Wasu irinta sun mutu tun duniya ba ta zama ƙasa ba,
gadonsu muke ci.

Sai wuta ta dawo.
Yaran unguwa suka kwashe da ihu,
fankoki suka farka,
ƙwan bakin titi ya shafe ta daga sama
kamar an goge alli.

Da safe aka turo wata motar haya, ƙashin bayanta ya tsage.
Na ce wa Kwaku ya miƙo baƙin tabarau.
Na kunna, na murɗa, rawaya ta gudu,
shuɗin ya tsaya cak, bai fi ƙwayar dabino ba.
Na daɗe ina kallonsa, gas na tafiya,
ga shi silinda ta yi tsada.

Opoku ya leƙo ta katanga:
Malam Sanda, lafiya? Aiki ya gagara ne?

Na ce, lafiya lau.
Shekara talatin ana ce min maigida,
ashe yaron shago ne ni.